Lasisi da Mai Duba Aiki: Nazarin Lamarin Wata Sabuwar Malamar Shawara a Zariya

Wannan nazari ya shafi wata malama da ta kammala digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, ta kama aiki a wata makarantar sakandaren 'yan mata mai zaman kanta a Zariya, sannan ta ci karo da tambayoyi biyu waɗanda karatun jami'a bai warware mata ba: wace takarda ce ke ba ta ikon yin wannan aiki a matsayin ƙwararriya, kuma gaban wa za ta kai aikinta ya duba idan lamari ya fi ƙarfinta. An rubuta shi da izininta da izinin wadda ta duba aikin nata, an sakaya sunaye, an kuma sauya duk wani bayani da zai sa a gane ɗalibar da maganar ta shafa ko gidansu.

Asalin lamarin

An ɗauki malamar ne domin ta koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, amma da shugabar makarantar ta ga takardunta sai ta ɗora mata aikin ba ɗalibai shawara a kan koyarwar, ba tare da an rage mata ko darasi ɗaya ba. Ofishin da aka ba ta wani lungu ne a ɗakin malamai da aka raba da katako, wanda duk abin da aka faɗa a ciki na waje yana ji. Wannan ba baƙon abu ba ne a makarantunmu. Tun daga 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantu, amma har yau a wurare da yawa ana kallon aikin kamar ƙarin ɗawainiya ce da ake jingina wa duk malamin da ya fi haƙuri da yara. Gwajin aikin da ta yi lokacin tana ɗaliba na 'yan makonni ne, kuma mafi yawan abin da ta gani a lokacin batun zaɓen darussa ne tsakanin kimiyya da fasaha da kasuwanci. Ba ta taɓa zama ita kaɗai da yarinyar da rayuwarta ke cikin haɗari ba.

Batun rajista da lasisi

Aikin jagoranci da ba da shawara a makarantun Najeriya ana danganta farkonsa da shekarar 1959, lokacin da wasu sistocin Katolika a Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato mutane daga sana'o'i daban-daban su yi wa ɗalibansu bayani. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wadda aka fi sani da CASSON, kuma Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko. Shekaru sama da arba'in bayan haka sana'ar ta ci gaba da tafiya da ƙungiya amma babu dokar da ta tsaya mata, sai a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara ta Najeriya. Aikin irin wannan majalisa shi ne ta ƙayyade ilimin da ake buƙata kafin a shiga sana'ar, ta riƙe rajistar masu yin ta, ta kuma ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida.

Kuskuren da malamar ta fara faɗawa, wanda sababbi da yawa ke faɗawa, shi ne ɗaukar takardu uku daban-daban a matsayin abu ɗaya. Takardar zama ɗan ƙungiya shaida ce cewa mutum yana cikin 'yan'uwansa na sana'a, yana biyan kuɗin shekara, yana halartar taro. Takardar TRCN, wato hukumar rajistar malamai da aka kafa da doka a 1993, ta shafi koyarwa ne, kuma tana buƙatarta tunda tana shiga aji. Rajista da majalisar da dokar 2022 ta kafa ita ce ta shafi sana'ar ba da shawara kanta. Ga kuma nau'i na huɗu da ya kusa cinye mata albashin wata biyu: wata talla da ta gani a Facebook ta kwas na 'yan kwanaki ta intanet, wanda aka ce ana ba da "lasisi na ƙasa da ƙasa" a ƙarshensa. Babu wani lasisi da ke aiki a duk duniya a wannan sana'a. Ko a Amurka kowace jiha ce ke ba da nata, kuma yawancinsu sai mutum ya cika awanni dubu biyu zuwa uku ko fiye yana aiki a ƙarƙashin mai duba shi bayan digiri na biyu. Wata tsohuwar abokiyar karatunta ce ta tsayar da ita kafin ta tura kuɗin.

Daga nan ta bi hanyar da ta fi aminci. Ta sabunta zamanta a reshen ƙungiya na jiha domin sanarwar hukuma ta riƙa zuwa mata daga majiya mai tushe, ta ɗauki alkawarin ba za ta tura kuɗin rajista cikin asusun wani mutum ba komai muƙaminsa, sannan ta haɗa fayil guda: takardun digirinta biyu, sakamakon darussan da ta yi dalla-dalla, takardar hidimar ƙasa, takardar TRCN, da littafin gwajin aikinta mai ɗauke da sa hannun malamin da ya duba ta. A nan ne ta lura cewa daga ranar da ta bar jami'a babu wata takarda da ke nuna abin da take yi da ɗalibai, ko wanda ya taɓa duba shi.

Neman wanda zai duba aikin

Shugabar makarantar ta ce ai ita ce mai duba aikinta, kuma ta wata fuska gaskiya ta faɗa, domin ita ke lura da zuwanta da tashinta, ita ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Sai dai duba aiki irin wanda sana'ar ke nufi wani abu ne daban. Zama ne na yau da kullum tsakanin sabon mai ba da shawara da wanda ya riga shi gogewa, inda ake baje abin da ya gudana a ɗakin shawara, a koyar da shi abin da bai iya ba, a tsare ƙa'idar sana'a domin kare wanda ake taimako, a kuma duba nauyin da aikin ke ɗora wa zuciyar mai yin sa. Mutumin da ke da ikon korar ka daga aiki, ko korar ɗalibar da kake magana a kanta, ba zai iya riƙe wannan matsayi ba, domin ba za ka iya buɗe masa cikinka ka ce ka rikice ba. A Ingila babbar ƙungiyar masu wannan sana'a, BACP, ta wajabta wa mambobinta da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na irin wannan zama a kowane wata, komai daɗewarsu a aiki. Mu a nan har yanzu akwai masu ganin neman a duba ka kamar tallar gazawa ce, kuma wanzami dai ba ya son jarfa.

Ta fara tuntuɓar malamin da ya duba kundin digirinta, ya karɓe ta da mutunci, amma ya gaya mata gaskiya cewa ɗaliban bincike sun yi masa yawa, kuma duba kundi da duba aikin ɗakin shawara ba ɗaya ba ne. Ta gwada masu yin wannan aiki ta intanet daga ƙasashen waje, kuɗin awa ɗaya da dala ya fi ƙarfin aljihunta, kuma ko da ta iya biya, wanda bai san matsayin kawu ko kishiya ko malamin Islamiyya a rayuwar yarinya Bahaushiya ba, rabin lokacin zai tafi ne wajen yi masa bayani. A ƙarshe, a wajen taron reshen ƙungiya, aka haɗa ta da wata Hajiya da ta yi ritaya bayan dogon aiki a matsayin mai ba da shawara a makarantun gwamnati, wadda ke zaune a Samaru.

Hajiya ba ta amsa nan take ba. Ta fara tambayarta unguwarsu, da gidan da ta fito, da gidan da take aure, da unguwannin da ɗaliban makarantar suka fi fitowa. Dalilinta a fili yake ga duk wanda ya san Zariya: daga cikin birni zuwa Tudun Wada zuwa Sabon Gari, da wuya ka ambaci gida uku ba a sami dangantaka ta aure ko ta makwabtaka ba, don haka dole ta tabbatar ba za a kawo mata sirrin jikar ƙawarta ba. Bayan haka suka rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya. Za su riƙa zama sau biyu a wata, awa ɗaya da rabi kowane zama, a ɗakin karatun Hajiya, ba a falo ba. Ba za a ambaci sunan ɗaliba ba, sai lamba. Ba za a tura bayanin kowa ta WhatsApp ba. Idan rai na cikin haɗari malamar za ta kira a kowane lokaci, ko da tsakar dare ne. Kowane zama za a rubuta kwanan watansa da tsawonsa da abin da aka yanke, su biyu su sa hannu. Batun kuɗi ne ya fi ba malamar kunya, amma Hajiya ta dage a yanka wani abu ko kaɗan ne, tana cewa abin da aka yi a kyauta shi ake fara sokewa ranar da biki ya taso. A ganina ta yi daidai.

Lamarin ɗalibar

Ba a yi wata biyu da fara zaman ba sai ga abin da ake gudu. Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, mai shekara goma sha shida, wadda a da take cikin na gaba-gaba, ta koma barci a aji, makinta ya zube. Da malamar ta kira ta, sai yarinyar ta ce ba za ta yi magana ba sai an yi mata alkawarin babu wanda zai ji. Malamar, saboda tausayi da son ta buɗe baki, ta ce ta yi alkawari. Nan yarinyar ta faɗa mata cewa ta kai wata shida tana shan maganin tari mai kodin, wanda wata 'yar'uwarta ta koya mata bayan rabuwar iyayenta, kuma a ƙarshen maganar, tana wasa da bakin hijabinta ba ta ɗago kai ba, ta ce wani lokacin tana jin gara ta mutu ta huta. Gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun 2018, amma duk mai aiki da matasa ya san hanin bai kawar da shi daga unguwanni ba, kuma rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

A wannan mako kuma shugabar makarantar, wadda ta ji ƙishin-ƙishin, ta nemi a ba ta sunayen duk masu shaye-shaye domin a sallame su kafin iyaye su ji. Malamar ta kira Hajiya da yamma, washegari bayan la'asar ta je Samaru. Hajiya ta saurare ta har ta gama ba ta katse ta ba, sannan ta ce: "'Yata, kafin mu zo kan shugabarki, kin tambayi yarinyar nan ko ta shirya yadda za ta kashe kanta?" Malamar ta ce: "Wallahi Hajiya ban iya ba, na ji tsoron kada in sa mata abin a rai." Hajiya ta ce: "Abin yana ranta tun kafin ta zo wurinki. Tambayarki ba ta dasa shi, shirunki ne zai bar ta ita kaɗai da shi." Wannan ita ce matsayar masana a fannin, cewa tambayar mutum kai tsaye game da tunanin kashe kai ba ta ƙara haɗarin, kuma ba za a san girman haɗarin ba sai an tambaya. Sai Hajiya ta juya kujerarta ta zama ita ce ɗalibar, ta sa malamar ta maimaita tambayoyin da bakinta har muryarta ta daina rawa: yaushe tunanin ke zuwa, ko akwai hanyar da ta tanada, ko abin yana kusa da hannunta, ko ta taɓa gwadawa, da kuma wane ne ko mene ne ke riƙe ta.

Daga nan suka dawo kan alkawarin. Hajiya ba ta yi mata faɗa ba, amma ba ta sassauta ba: sirri a wannan sana'a yana da iyaka, kuma iyakar ita ce inda rai ke cikin haɗari ko ake cutar da yaro, ga shi kuma yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, wanda a ƙarƙashin dokar kare yara ta jihar Kaduna ta 2018 yarinya ce da ke da haƙƙin a kare ta. Abin da ya kamata shi ne a faɗi wannan iyaka tun a zaman farko, kafin a ji komai. Tunda an riga an wuce nan, gyaran shi ne malamar ta koma wurin yarinyar ta gaya mata gaskiya cewa ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa duka ba, ta bayyana mata dalili, sannan ta bar mata zaɓin wanda za a fara gaya wa a gida da yadda za a faɗa. Game da shugabar makaranta kuwa, suka tsara amsa a rubuce: za a sanar da ita cewa akwai ɗaliba da ke buƙatar asibiti kuma ana tuntuɓar iyayenta, amma ofishin shawara ba zai zama wurin tattara sunayen waɗanda za a kora ba, domin ranar da ya zama haka babu yarinyar da za ta sake taka ƙofarsa.

Da ta koma, ta yi tambayoyin. Yarinyar ba ta da shiri tsayayye, ba ta taɓa gwadawa ba, kuma ta ce tunanin ƙannenta da tsoron Allah ne ke hana ta. Malamar ta yi amfani da takardar tambayoyi tara ta PHQ-9 mai auna tsananin damuwa, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27, sakamakon ya nuna damuwa mai ƙarfi. Hajiya ta riga ta ja mata kunne cewa takardar manuniya ce kawai, gano cuta da rubuta magani aikin likita ne. Yarinyar ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙaurace wa ofishin kwana biyu, sannan ta dawo ta ce a fara gaya wa gwaggonta. Ta hannun gwaggon aka kai ga mahaifin, wanda da farko ya ce aljanu ne kuma ruƙiyya za a yi. Malamar ba ta yi jayayya da shi ba. Ta ce: "Baba, a ci gaba da addu'a, ba mai hana wannan, amma a haɗa da ganin likita, domin jikinta ya saba da maganin nan kuma barinsa yana buƙatar kulawa." Da wannan lafazi ya yarda, aka rubuta takardar turawa zuwa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta jaddada mutuncin marar lafiya da sirrinsa, kuma malamar ta yi amfani da wannan wajen kwantar wa mahaifin hankali cewa zuwa asibitin ba tallar 'yarsa ba ne.

Abin da ya biyo baya ne, a wurina, ya fi nuna amfanin mai duba aiki, domin ba wanda zai gan shi daga waje. Bayan makonni Hajiya ta lura cewa kowane zama maganar wannan ɗaliba ɗaya ce ke cinye shi, ta tambayi dalili, sai ya fito cewa malamar ta ba yarinyar lambar wayarta, yarinyar na kiran ta da dare, har ta fara biya mata kuɗin mota zuwa Shika daga aljihunta, maigidanta kuma ya fara magana. A al'adarmu wannan kirki ne, kuma ba na jin daɗin masu saurin kiran sa laifi. Amma Hajiya ta nuna mata inda zai kai: yarinyar tana jingina da mutum ɗaya maimakon gidansu ya koyi riƙe ta, malamar kuma tana ƙarewa, ga sauran ɗalibai suna jira. Suka tsara ranaku biyu tsayayyu a mako domin ganawa a makaranta, aka rubuta wa yarinyar sunayen mutum uku na gida da za ta nema idan dare ya yi mata tsawo, gwaggon ta karɓi ɗawainiyar kai ta asibiti. Hajiya ta kuma tambayi malamar yadda take barci, tambayar da babu wanda ya yi mata tun da abin ya fara.

Inda aka tsaya

Yarinyar ba a kore ta ba. Ta koma shan maganin sau ɗaya lokacin hutu, ta faɗa da bakinta, aka sanar da likitanta, kuma tana ci gaba da zuwa asibiti. Makarantar ta ba malamar wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa da akwatin ƙarfe mai makulli domin ajiye bayanai, amma ta ƙi rage mata darussa, ta kuma ƙi ɗaukar nauyin kuɗin zaman duba aikin, wanda har yanzu daga albashinta yake fita. Wannan ba daidai ba ne, domin makarantar ce ta fi kowa cin moriyar zaman. Yanzu kowace ɗaliba da ta shigo ofishin, kafin ta ce komai, ana karanta mata iyakar sirri da Hausa a cikin jimloli uku. Littafin da suke sa wa hannu ita da Hajiya ya shiga cikin fayil ɗin rajistarta, kuma shi ne takarda ɗaya tilo a ciki da ke nuna aikin da ta yi bayan barin jami'a. Wasu sababbin masu ba da shawara uku daga makarantun Tudun Wada da Sabon Gari sun nemi shiga zaman, Hajiya ta amince da zama na rukuni sau ɗaya a wata, da sharaɗin duk wanda ya gane ɗalibar da ake magana a kanta zai faɗa nan take ya fita daga ɗakin har a gama.